Ruwan Kamfani da Haƙoran Nusaiba

Na gaji da maimaita wannan labari da baki. Na faɗe shi a gidan suna, na faɗe shi a gidan biki, har a cikin adaidaita na faɗe shi, kuma duk wadda na ba wa sai ta ce "Allah Sarki," ta juya ta ci gaba da hirar atamfa. To ga shi nan a rubuce. Wadda ta karanta ta ɗauka, kanta ta yi wa. Wadda ta ƙi, ni dai na fita haƙƙinta.

Sunan 'yata Nusaiba. Muna zaune a Ja'en, bayan kamfanonin Sharaɗa. Ni ina aikin naɗe alawa a wani kamfani nan kusa da mu, babanta kuwa, Malam Sabi'u, yana kan injin buga bokiti da baho a wani kamfanin roba da ke Challawa. A da, in kika shigo layinmu ba sai kin tambayi gidanmu ba, muryar Nusaiba za ta kawo ki har ƙofa. Yarinya ce mai bakin tsiya, Allah Ya shirya. A Islamiyya ita ake tsayarwa ta ja wa 'yan aji karatu suna amsawa. In ta tuntsire da dariya kuwa har maƙogwaronta sai kin hango.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda muka shiga wannan hali. Kafin Nusaiba mun haifi namiji. Bai kai yaye ba amai da gudawa suka ɗauke shi, a asibiti aka ce mana ruwa ne. Lokacin a hannun 'yan ga-ruwa muke saye, su ma ba su san inda rabinsa ya fito ba. Ranar sunan Nusaiba Malam ya ɗauke ta, ya ce in dai yana numfashi wannan yarinya ba za ta ɗanɗana ruwan kurar 'yan ga-ruwa ba.

A kamfaninsu akwai burtsatse mai zurfin gaske da aka haƙa don sanyaya injuna. Masu kamfanin sun jawo bututu ta bayan katanga, sun sa famfuna, mutanen unguwa na ɗiba kyauta. Su kuma ma'aikata al'adarsu ce, kowa ya zo aiki da jarka ɗaure a bayan babur, in an tashi ya cika ya tafi da ita gida. Ruwa ne garau, ba wari, ba laka, ko ɗigon tsaki ba ki gani a ƙasan kofi. Malam ya sayi sabuwar jarka shuɗiya don kada ta haɗu da sauran, ya ce ta Nusaiba ce ita kaɗai. Mu manya duk abin da muka samu muna kwankwaɗa. Ni kuma ban tsaya nan ba, sai na tafasa shi, na bar shi a wuta har sai na ga ya ja baya a tukunya, don a tunanina iya daɗewarsa iya tsabtarsa. Da shi ake dama mata koko, da shi ake haɗa mata shayi, shi ne a gorarta ta makaranta. Baƙi har tsokana suke, su ce a sammana ruwan gimbiya. Ko zazzaɓi Malam yake yi, sai ya lallaɓa ya je ya cika jarkar nan. Haka muka yi tun tana jaririya har ta yi famfara.

Haƙoranta na farko fari tas suka fito kamar alli, kowa na yabawa. Da ta zubar da su, sababbin suka leƙo da wani irin dabbare-dabbare, nan fari fat, nan rawaya. Na ce sabon haƙori ne, zai daidaita. Ina! Kafin shekara ta zagayo rawayar ta koma ruwan ƙasa, na gaban nan na sama suka yi layi-layi kamar tsatsa a jikin kwano, da wasu 'yan ramuka sai ka ce an tsattsaga da allura. Ba ciwo, ba kumburi, tana cin komai. Muni ne kawai, kuma munin ya zauna a inda ba ya ɓoyuwa.

Wa za a ɗora wa laifi? Ni mana! Mai aiki a kamfanin alawa ai ba ta da bakin magana. Yaya Asabe, yayar Malam da ke zaune a Dakata, ita ta fara.

"Maman Nusaiba, ke ma dai da ganganci. Kullum ki ɗebo ɓarɓashin alawa ki ɗura wa yarinya, yanzu ga shi kin ruɓar mata da baki."

Na ce, "Yaya, wallahi a ƙofa ake caje mu. Ko bawon alawa ba na fitowa da shi."

Ta taɓe baki. "Oho dai. Haƙori ba ya lalacewa banza."

Na haɗiye, don yayar miji ce. Amma wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Daga nan shawarwari suka fara zuba kamar ruwan Agusta. Wannan ta ce gawayi da gishiri. Waccan ta ce toka. Wata ta ce lemon tsami da jar kanwa, wata ta ce asuwakin darbejiya safe da yamma. Wata tsohuwa a layinmu ta rantse cewa goro yarinyar take sata tana ci. Goro! A gidan da ko na baƙi ba ma ajiyewa. Duk na gwada, har da makilin mai tsada da aka ce daga waje ake kawo shi. Na riƙe kan yarinya ina dirza tana kuka, dasashi na jini, launin nan ko gezau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makaranta. Wata malama mai duba tsabta ta fito da ita gaban aji, ta ce ta buɗe baki kowa ya ga yadda bakin ƙazama yake. Daga ranar yara suka laƙaba mata Kaka-mai-goro. Na je na yi faɗa, na yi har muryata ta dishe, aka ba ni haƙuri. Haƙuri ya goge suna ne? Nusaiba ta koyi jan gefen hijabi ta rufe baki in za ta yi magana. Daga baya ma ta rage maganar. A Islamiyya malaminsu ya ce ba a jin abin da take faɗa ta cikin ƙyalle, ya ba wata jan karatun. Gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Maƙwabciyata Maman Walid ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, "Wai Nusaiba tafiya ta yi ne?" Alhali tana zaune a tsakar gida.

Muna cikin wannan aka sa bikin 'yar Yaya Asabe. Ta ce a kawo mata Nusaiba ta yi hutu a Dakata, ta shiga cikin ƙananan 'yan matan amarya. Na ce to, ko ta sake a cikin 'yan'uwa. Ashe Yaya da shirinta. Akwai wani mai shago a wajen Bompai, rabi kemis rabi kayan kwalliya, wai yana wankin haƙori, amare na zuwa wurinsa. Auduga yake naɗawa a tsinke, ya tsoma a wani ruwa cikin 'yar kwalba, ya goga. Can ta kai mini 'ya, ba ta tambaye ni ba, ba ta tambayi ubanta ba.

Ana gobe ɗaurin aure aka dawo mini da ita a adaidaita, ta dafe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Na ɓamɓare hannun da ƙyar. Haƙoran sun yi fari, eh, irin farin ƙashin da ya kwana a rana. Dasashin ya saɓule ya yi fari-fari, leɓen ciki duk ya ƙone. Na miƙa mata ruwa, tana kurɓa ta ƙwalla ƙara ta yar da kofin. Ko iska ta shaƙa ta baki sai ta zabura.

Na kira Yaya a waya.

"Yaya, me kuka sa wa yarinyar nan a baki?"

"Au, maimakon godiya? Ba ki ga sun yi fari ba? Zafin kwana ɗaya ne, kowa haka yake yi."

"Kowa ɗin 'yar shekara tara ce?"

"To uwar iyayi. Ni da na kashe kuɗina don a fitar da ku kunya."

Na kashe wayar kafin bakina ya jawo mini abin da zai kai ni gaban manya. Garin gyaran gira an tsokane ido, kuma wai ni ce zan yi godiya. Bikin da ban je ba ke nan, har yau ana yi mini gorinsa.

Makon farko ba ta ci komai mai tauri ba. Koko nake damawa salala, in bar shi ya huce, ba zafi ba sanyi, in ba ta da bututun shan lemo ta tura shi can ƙuryar baki. Mai kemis na layinmu ya ba mu maganin rage zafi da wani ruwan kurkure baki, ta gwada sau ɗaya ta yi ta birgima a tabarma. A mako na biyu gyambon leɓe ya fara kamewa, amma ta rame, wuyanta ya fito. Kafin wata ya cika launin ya dawo, ya ma fi na da duhu, haƙoran suka yi kaushi, komai ta ci sai ya kama. An gudu ba a tsira ba. Ni kuma ina fashin aiki, shugabar layinmu a kamfani, Allah Ya saka mata, tana ta musanya mini da masu aikin yamma don kada a sallame ni.

Sai muka nufi asibitin gwamnati, ɓangaren haƙori. Kai, jama'a! Zuwan farko mun tarar an gama ba da kati tun muna hanya. Zuwa na biyu muka yi sammako, muka samu kati, muka zauna a benci har azahar, sai wani ya fito ya ce injin ba wuta, janareta ba mai, a dawo. Da muka dawo, ana yajin aiki, ƙofa a garƙame, mai gadi na cin gyaɗa yana ce mana sai yadda hali ya yi. Kowane zuwa kuɗin mota ne, kuma ranar aiki ce ta tafi. Nusaiba na gefena cikin hijabi, ba ta cewa uffan, in an tambaye ta sunanta ni nake amsawa.

Da aka janye yajin aikin Malam ya ɗauki hutu ya raka mu. Ranar Allah Ya haɗa mu da wata likita, matashiya, 'yar siririya mai gilashi. Ba zan manta da ita ba. Ba ta ce Nusaiba ta buɗe baki nan take ba. Sai da ta tambaye ta ajinsu, da sura nawa ta haddace, tukuna ta ce, "To 'yar ƙanwata, ni kaɗai zan gani, ko Ummanki ba za ta leƙo ba." Ta duba ta daɗe. Da ta ɗago fuskarta ta canza.

"Wa ya sa mata asid?"

Na ba ta labarin mai shagon Bompai. Ta girgiza kai ta ce ruwan nan ya cinye fatar haƙorin ta sama, wadda ba ta sake tsirowa, shi ya sa komai ke ratsa ta. Sannan ta ce, "Amma launin nan ba shi ya kawo ba. Kuma ba alawa ba ce, ba ƙazanta ba ce."

Wallahi ji na yi kamar na tashi na yi guɗa. Na so a ce Yaya Asabe na wurin.

Likita ta juya ga Malam. "Baban yarinya, wane ruwa take sha tun tana ƙarama?"

Malam ya gyara zama, har da ɗan murmushinsa. "Likita, ta wannan fannin kam ba matsala. Yarinyar nan ba ta taɓa shan ruwan banza ba. Ruwan burtsatsen kamfaninmu ne, ni da kaina nake ɗaukowa, uwarta kuma ta tafasa."

"Ita kaɗai ke sha?"

"Ita kaɗai."

"Ku duka ku buɗe baki in gani."

Muka buɗe kamar yara. Namu lafiya ƙalau. Sai ta ce mu ɗebo ruwan a gora mai tsabta, ta faɗa mana ɗakin gwajin da za mu kai. Shi ma sai da muka biya, muka yi ta sintiri kafin sakamako ya fito.

Ranar da muka koma ta zaunar da mu, ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Kalma biyu kawai ta faɗa da Turanci, kuma sun zauna mini daram: fuloraid, da fulorosis. Ta ce fuloraid wani sinadari ne da ke cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, yana narkewa a ruwan wasu burtsatse masu zurfi. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a makilin. In ya yi yawa kuma yaro na sha lokacin da haƙoransa ke ginuwa a cikin dasashi, sai su fito a lalace, wannan shi ne fulorosis. Ba ya wari, ba ya canza launin ruwa, ido ba ya ganinsa. Na wannan burtsatse ya wuce ƙima nesa ba kusa ba.

Na ce, "To likita, ai ina tafasawa. Sosai ma nake tafasawa."

Ta dube ni da tausayi. "Maman Nusaiba, ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. In kin tafasa, ruwan ne ke tafiya a tururi, shi yana nan zaune. Kamar miya ce, in ta ƙone gishirinta ƙaruwa yake."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna tukunyar nan da nake bari a wuta ina jin daɗi ina cewa yau kam ya dahu.

Ta ƙara da cewa launin ba a saman haƙori yake ba balle a kankare, a cikinsa aka gina shi, don haka duk gawayin da muka dirza wahalar banza muka ba yarinya. Malam ya cire hularsa ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa. Da muka isa gida ya ɗauki shuɗiyar jarkar ya tuttular da ruwan a kwata, ya wurga ta saman kwano. Tana can har yau, rana ta cinye launinta.

Aikin gyaran ya ɗauke mu watanni. Da farko likita ta ce sai dasashi ya warke sarai. Sannan ana shafa mata wani magani a haƙoran don su daina zugi, mu je mu dawo, mu je mu dawo. Da sanyin ya ragu ta fara tauna shinkafa, ranar har sadaka na yi. Bayan nan aka zo kan rufe na gaba da wani abu mai kamar ciko, launin haƙori. Nan ne na san kuɗi. Kowane haƙori da farashinsa, sai ka ce filoti ake yankawa. Rannan a ce kayan aikin sun ƙare, mu sayo a waje. Rannan a fara, wuta ta ɗauke, yarinya na kwance baki buɗe. Na kwashi adashina, na sayar da keken ɗinkin da na zo da shi gidan aure, da ƙyar muka rufe huɗu na sama. Sauran suna nan da launinsu. Likita ta ce wannan ma na wucin gadi ne, zai riƙa ɓantarewa ana gyarawa, na dindindin sai ta girma. Yaya Asabe ko sisi ba ta ba da ba, amma ta aiko a gaya mana ita dama ta san ruwa ne.

Maman Walid kuwa, Allah Ya biya ta. Duk ranar asibiti ita ke dafa mana abinci, ta miƙo ta katanga ba tare da an roƙe ta ba. Likitar nan ma, ko lambar wayarta ta ba ni, ta ce in kira kafin mu taso don kada mu yi zuwan banza.

Na ɗauka in an rufe na gaban shi ke nan, 'yata za ta dawo. Ina! Hannun nan ya riga ya saba, da ta buɗe baki sai ya tafi gefen hijabi. Ga kuma wata sabuwa: Malam ya daina kallon fuskarta. In ta gaishe shi sai ya amsa yana duban ƙasa, in ta kawo masa abinci ya ce ta ajiye. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, a hankali, "Umma, Abba ma ƙyamar bakina yake yi ko?"

Na ajiye matajin na same shi a ɗaki.

"Malam, ka ji abin da 'yarka ta ce? Wai ƙyamarta kake."

Ya ɗago a firgice. "Ni? Maman Nusaiba, da hannuna fa na ɗauko. Shekara da shekaru, a bayan babur ɗina. In na kalle ta, jarkar nake gani."

"To ka ga jarkar, ka kuma ga 'yarka! Ni da na tafasa na mutu ne? Yara sun rufe mata baki, kai kuma za ka ƙarasa?"

Hawaye ya zubo masa. Tunda muka binne ɗanmu ban ƙara ganin haka ba. Ya yi ƙoƙari daga ranar, amma abin bai saki duka ba.

Ya je ya sami manajansu da maganar ruwan. Kin san abin da mutumin nan ya ce? Wai su don injuna suka haƙa, ba su taɓa ce wa kowa ya sha ba. In an dame su za su toshe bututun, kuma za su faɗa wa mutanen unguwa wanda ya jawo. Malam ya ce to a rubuta a bango cewa kada a ba yara. Manajan ya ce rubutu shi ne amsa laifi. Abokan aikinsa ma suka taso masa, kada ya jawo musu asarar ruwan kyauta, wasu suka ce ai 'ya'yansu na sha ba abin da ya same su. Ba su san sauran ruwan da 'ya'yan nasu ke haɗawa da shi ne ya rage musu ba, mu da muka tsare tamu a kan shi kaɗai mu muka kwashi kashinmu a hannu. Malam ya dawo gida ya ce shi ya yi iya yinsa, in ya ƙara magana aikin ne zai tafi.

Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Wata Asabar na ce zan je in ga famfon nan da idona, don shekarun nan duk ban taɓa zuwa ba. Ba wanda zan bar wa Nusaiba, sai na tafi da ita. Muka sauka a Challawa, muka bi bayan katangar, manyan motoci na wucewa suna tayar mana da ƙasa. Ga layin jarkoki, ga mata, ga yara suna guje-guje suna ihu. Na tsaya ina kallon bakunan yaran nan. Haƙoran Nusaiba ne a bakin wannan, a bakin waccan, a bakin na bayanta. Su a wurinsu ba abin magana ba ne, don kusan kowa haka yake.

Na yi sallama na fara bayani. Ban kai ko'ina ba wata mai jan zani ta katse ni.

"Baiwar Allah, ke daga ina? Hukuma ce ta aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Uwa ce ni kamar ku."

"To in mun bar wannan, ke za ki riƙa saya mana na leda? Kin san nawa kura take yanzu?"

Wata ta ce, "Haƙorin unguwarmu ne haka, gado ne."

Na ce, "Gadon wa? Ke buɗe naki mu gani, ai fari ne! Ku da kuka girma kafin a haƙa burtsatsen, wa ke da shi a cikinku?"

Suka yi caa a kaina. Wata ta ce so nake a rufe musu famfo, wata ta ce in tafi da iyayina can. Raina ya ɓaci, na ce ba cewa na yi ku daina ɗiba ba, ku yi wanki, ku yi wanka, amma ƙananan yara a nema musu wani ruwan ko a riƙa haɗawa. Ba mai saurare. Har na kama hannun Nusaiba za mu tafi, sai na ji ta zame.

A gaban layi akwai wata yarinyar mace, ba za ta wuce haihuwar fari ba, da goyo a bayanta da farar jarka a hannu. Ita kaɗai ce ba ta tanka ba. Nusaiba ta je gabanta ta tsaya. Ta saki gefen hijabin. Ta sa yatsa ta ja leɓenta gefe, ta wuce huɗun da aka gyara, ta nuna mata na cikin, masu ramuka da launin tsatsa.

"Anti, kalli. Wannan ruwan na sha tun ina kamar jaririnki. Kar ki ba shi."

Da ƙarfi ta faɗa, da muryar nan ta jan karatu da na yi shekara ban ji ba. Matar ta kalli bakin, ta daɗe tana kallo, ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar goyonta. Sai layi ya zo kanta. Ta tara jarkar, ta cika, ta rufe. Da za ta ɗauka ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na wanki ne."

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa. Famfon yana nan yana zuba har yanzu da nake wannan rubutu, ba allo, ba gargaɗi, kuma duk yamma babura na fitowa daga ƙofar kamfanin da jarkoki a baya. In kina da ƙaramin yaro kuma ruwanku na burtsatse ne, ki dubi bakin yaran unguwar da suka girma a kansa, ki kai ruwan a gwada, kar garau ɗinsa ya ruɗe ki. In launi ya riga ya fito, ki nufi likita, kar ki bari kowa ya kusanci bakin ɗanki da 'yar kwalba.

Muna barin wurin aka busa tashi. Ma'aikata suka fara fitowa, na hango Malam yana turo babur ɗinsa, shi kaɗai ne ba jarka a baya. Bai san mun zo ba. Kafin in ɗaga hannu Nusaiba ta riga ni, ta tsallaka kwata, hijabi na tashi, baki buɗe, ta ƙwala masa kira tun daga tsallaken titi.

"Abba! Abba, ga mu nan!"

Ya tsaya cak. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.